Kwalbar Kawu: Jinjina ga Masu Ajiyar Tsoka da Rajista

Ranar da aka yanko ɗan nama daga bayan hancin kawuna, ni aka miƙa wa kwalbar. Haka ake yi a yawancin asibitocinmu. Likita ya gama aikinsa a tiyata, nas ta leƙo ta kira ɗan'uwan majiyyaci, ta ba shi 'yar kwalba da takarda, ta ce ya biya kuɗi ya kai ɗakin gwaji. Kwalbar ba ta kai ta turare girma ba. A cikinta akwai ruwa garai-garai mai warin da ke sa ido hawaye, da wani abu fari-fari kamar ƙwayar dawa biyu. Wata bakwai kawu yana fama da toshewar kunne ɗaya, da haɓo jefi-jefi, da kumburi a gefen wuya wanda muka yi ta kira kaluluwa. An sha jiƙo, an yi tofi, an je kemis, wanzami ma ya yi nasa. Duk wahalar nan ta taru ta koma ƙwayar dawa biyu a tafin hannuna.

A tagar ɗakin gwajin na tarar da wani dattijo mai furfura a gemu, tabarau ya zamo masa ƙarshen hanci. Ya karɓi takardar ya karanta a tsanake, sannan ya maido mini da ita.

"Ɗana, koma wurin likita. Bai rubuta daga ina aka ciro ba, kuma bai sa lokaci ba."

Na ce, "Baba, ai ga shi an rubuta hanci da wuya. Ka taimaka, mara lafiyan yana can shi kaɗai."

"Na sani, Allah ya ba shi lafiya. Amma wuya gari ne guda. Dama ko hagu? Cikin hanci ko bayan hanci? Ƙarfe nawa aka ciro, ƙarfe nawa aka jefa a ruwan nan? Lambar wayar nan kuma ta wane ne? Ba ni wata ta biyu, wadda ba za ta mutu ba."

Na juya raina a ɓace, na hau bene na sauko, na nemo likitan ya cika abin da ya bari. Bayan shekara huɗu ciwon ya dawo. Sabon likitan da muka gani a wani gari ya ce lallai sai ya ga tsokar farko, don ya san ko tsohon ciwon ne ya farfaɗo ko wani sabo ne ya tsiro, domin maganinsu ba ɗaya ba ne. Na koma tagar nan ban sa rai ba. Baba ya tambaye ni shekara da wata, ya jawo wani dogon rajista mai baƙin bango, ya bi layi da yatsa, ya shiga ciki. Ko minti goma bai yi ba ya fito da ɗan dunƙulen kaki, lambar da ke jikinsa ita ce lambar da ke cikin rajista. A ranar na gane abin da ya sa ya maido ni, kuma tun daga ranar nake jin nauyin in yi wa shi da ire-irensa jinjina a bainar jama'a.

Mutane kaɗan ne suka san abin da ke faruwa da tsoka bayan ta wuce tagar nan. Ruwan da ke cikin kwalbar fomalin ne, wanda ake sirkawa zuwa kashi 10 cikin ɗari, kuma aikinsa ya tsayar da naman yadda yake kafin ya fara lalacewa. Da zarar an raba nama da jini ya fara sauyawa, shi ya sa Baba yake tambayar ƙarfe nawa. Ana son a jefa shi a ruwan kafin awa guda ta cika, ruwan ya ninka shi aƙalla sau goma, ya zauna a ciki tsakanin awa 6 zuwa 72. In bai kai ba, cikinsa ɗanye ne. In ya zarce da yawa, wasu gwaje-gwajen ba za su kama ba. Daga nan a tsane shi, a zuba masa narkakken kaki irin na kyandir, ya daskare ya zama dunƙulen da bai kai akwatin ashana ba. Daga jikin dunƙulen ake feƙe yanka wanda ya fi silin gashi siranta sau goma da ɗoriya, a shimfiɗa a kan gilashi, a rina shi, likita ya duba a madubi ya faɗi sunan ciwon. Abin da ya rage yana iya yin shekaru gommai a cikin durowa babu ruwansa da wutar lantarki. Jini, da yawu, da ɗanyen naman da ake son binciken ƙwayoyin gadonsa, su ne masu tsadar riƙo: firiza mai sanyin digiri 80 ƙasa da sifiri suke so, ko tankin ruwan naitirojin mai digiri 196 ƙasa da sifiri.

Sai dai dunƙulen kaki bebe ne. Bai san sunan mai shi ba, bai san ko yana shan taba ba, bai san ko ya warke ko ya rasu ba. Rajista ce bakinsa. Kuma babu inda wannan ya fi muhimmanci kamar kansar kai da wuya, saboda a wurin da bai wuce taƙi ɗaya ba akwai leɓe, da harshe, da dasashi, da ganɗa, da bayan hanci, da maƙogwaro, da akwatin murya, da gurbin da ke fitar da yawu, kuma kowanne da irin kansarsa da abin da ke jawo ta. Taba da barasa su ne kan gaba a kansar baki da ta akwatin murya. Ta bayan hanci, irin ta kawu, tana tafe da wata ƙwayar cuta da ake kira EBV. Ta gindin harshe da gefen maƙogwaro kuwa sau da yawa ƙwayar HPV ce a bayanta. Tsakanin gefen harshe da gindin harshe bai fi faɗin yatsa biyu ba, amma ciwo biyu ne mabambanta. A ƙididdigar hukumar binciken kansa ta duniya da ke Liyon a Faransa, sama da mutum 900,000 ne suka kamu da waɗannan cututtuka a 2020, sama da 460,000 suka rasu. To duk ma'aikacin da ya rubuta "ciwon wuya" kawai a rajista ya rufe bakin dunƙulen har abada.

Abin da duniya ta sani game da wannan fanni, kaso mai tsoka daga cikinsa a Afirka aka ɗebo shi, kuma a kwalba aka ɗauke shi. A 1958 wani likitan tiyata mai suna Denis Burkitt, da ke aiki a asibitin Mulago a Kampala, ya wallafa bayanin wani kumburin muƙamuƙi da yake gani a fuskokin yaran Yuganda. A 1961 ya yi lacca a Landan, wani masani mai suna Anthony Epstein yana zaune yana saurare, ya ce a ransa lallai ƙwayar cuta ce ke haddasa wannan. Aka shirya a riƙa aiko masa da tsoka daga Kampala ta jirgin sama. Ya shafe fiye da shekara biyu yana nema bai ga komai ba. A Disambar 1963 hazo ya rufe Landan, aka karkatar da jirgin zuwa Manchesta, tsokar ta iso a makare, ruwanta ya yi gurɓi-gurɓi kamar ta lalace. Da wani ne da ya zubar. Epstein ya ɗiga ruwan a gilashi ya duba, sai ya ga ƙwayoyin kansar ne girgizar tafiya ta kakkaɓo, suna yawo da ransu. Daga su aka yi renon da ya kai ga gano ƙwayar EBV, wadda shi da Yvonne Barr da Bert Achong suka bayyana a Maris 1964. Ita ce ƙwayar bairas ta farko da aka danganta da kansa a jikin ɗan Adam, kuma cikin 'yan shekaru aka gano hannunta a kansar bayan hanci.

A wannan shekarar ta 1963, a asibitin koyarwa na Badun, Robert Pulvertaft ya reni ƙwayoyi daga muƙamuƙin wani yaro ɗan shekara 11. Ƙwayoyin nan, waɗanda ake kira Raji, har yau suna raye a ɗakunan bincike na duniya. A Badun ɗin ne kuma George Edington ya kafa rajistar kansa ta farko a Nijeriya a 1960. Ashe ba baƙi ba ne mu a wannan sana'a.

Labarin da ya fi taɓa ni shi ne na tsofaffin dunƙulen kaki a Amurka. A 2000 Maura Gillison da abokan aikinta suka gwada tsokar majiyyata 253 masu kansar kai da wuya, suka sami HPV a kashi ɗaya cikin huɗu, mafi yawa a gindin harshe da gefen maƙogwaro. A 2010 aka koma kan tsokar da aka adana daga wani gwajin magani da aka riga aka kammala, aka haɗa ta da bayanan abin da ya sami kowane majiyyaci. Sai aka ga masu irin wannan kansa da ke ɗauke da HPV, kashi 82 cikin ɗari suna raye bayan shekara uku, waɗanda ba su da ita kuwa kashi 57. Shekara guda bayan nan wasu masana suka buɗe ma'ajiyar tsoka a Hawayi da Ayowa da Los Anjalis, suka zaro dunƙule 271 da aka tara tsakanin 1984 da 2004. Na shekarun 1980, kashi 16 cikin ɗari ne ke da HPV. Na farkon shekarun 2000, sama da kashi 70. Wata annoba ce ta yi ta tafiya a ɓoye shekara ashirin, kuma durowa ce ta tona ta. Daga 2018 har tsarin auna matakin ciwon aka sauya, aka ware wa mai HPV nasa ma'auni. Ma'aikacin da ya rubuta lamba a jikin dunƙule a 1984 bai san tambayar da za a zo da ita ba. Gwajin da za a yi ma ba a ƙirƙiro shi ba tukuna. Ya dai rubuta da kyau ya ajiye da kyau, ya tafi gida. Ajiya maganin wata rana.

Irin waɗannan mutane muna da su, kuma a wahalar da ta ninka ta can. Suna nan a ɗakunan gwaji na asibitocin koyarwa na Kano da Zariya da Sakkwato da Maiduguri da Jos, da cibiyar kula da kunne ta ƙasa da ke Kaduna. Suna nan a rajistar kansa ta Nijar da aka kafa a Yamai a 1992, da tsarin rajistar kansa na Nijeriya da aka haɗe wuri guda a 2009, suna bin ɗaki-ɗaki da biro suna tsinto sunayen da za su zama ƙididdigar ƙasa. Suna nan a ma'ajiyar samfuri ta cibiyar nazarin ƙwayoyin cuta da ke Abuja, ɗaya daga cikin ma'ajiya uku da shirin H3Africa ya kafa, sauran biyun suna Yuganda da Afirka ta Kudu, don jinin 'yan Afirka ya samu masauki a Afirka. A ƙarshen Oktoban 2024, lokacin da yawancin jihohin Arewa suka kwashe fiye da mako guda a duhu, mu damuwarmu cajin waya da ruwan sanyi. Mai tsaron firizar bincike kuwa lissafin litar man janareta yake yi, yana duba agogo, domin ya san in abin da ke ciki ya narke sau ɗaya, aikin shekaru ya tafi. Ba a kiran sunansu a taron ƙaddamar da na'ura. In an wallafa binciken, da ƙyar a tuna da su a layin godiya. Yabon gwani ya zama dole, kuma ina yi musu shi da zuciya ɗaya: sannunku da riƙon amana.

Amma da sauran rina a kaba, kuma don na ɗauke su da daraja ne zan faɗa.

Babban gibin da ke wurinmu shi ne ƙarshen labari. Muna da tsoka, muna da sunan ciwo, ba mu da abin da ya biyo baya. Majiyyaci ya karɓi sakamako, aka ce masa sai gashi da na'ura a wani gari mai nisan kilomita ɗaruruwa, ya lissafa kuɗi ya ga babu, ya koma ƙauye. Daga nan fayil ɗinsa ya yi shiru. Wani ya zo daga Maraɗi ko Damagaram aka yi masa aiki a Katsina ko Kano, rabin tarihinsa da Faransanci a can, rabi da Turanci a nan, babu wanda ya haɗa. Ga matsalar suna: Muhammadu Sani nawa ne ke da kati a babban asibiti guda? Ga shekaru da ake rubutawa da ka, arba'in ko hamsin, duk wanda ya zo baki. Abin da ya ba binciken 2010 ƙarfi shi ne an san wanda ya rayu da wanda ya rasu da ranar da abin ya faru. A Birtaniya, shirin da aka yi a Biristol ya tattara mutum sama da 5,000 masu kansar kai da wuya daga asibitoci 76 tsakanin 2011 da 2014, ya ɗauki jini da yawu da tsoka, ya tambaye su abin da suke ci da abin da suke sha, sannan ya ci gaba da bibiyarsu. Mu ba mu da kuɗinsu, amma muna da wayar hannu a kusan kowane gida, muna da mai unguwa da liman da ma'aikacin lafiya na ƙauye. Ma'aikaci ɗaya da katin waya da jerin sunaye, yana kira duk bayan wata uku, zai mayar da durowa cike da bebaye ta zama taskar ilimi. Wannan aiki ne da ya kamata ya samu layinsa a kasafin kowane asibiti.

Kusa da wannan akwai ɗabi'ar da ta zama ruwan dare. Likita mai neman ƙwarewa ya tattara bayanan majiyyata ɗari biyu don kundin jarrabawarsa, ya zuba a kwamfutarsa ta hannu. Ya ci jarrabawa, ya samu aiki a Saudiyya ko Ingila, bayanan suka bi shi, ko kwamfutar ta mutu da su. Na bayansa ya zo ya sake farawa daga tushe, da nasa irin tambayoyin. Shekara ashirin ana ƙananan bincike da ba sa haɗuwa da juna. Ƙungiyar INHANCE, da aka kafa a 2004, ta iya auna rabon taba da rabon barasa a wannan ciwo ne saboda ta haɗa bayanan bincike masu yawa daga ƙasashe daban-daban ta daidaita tambayoyinsu. Manhajar REDCap, wadda jami'ar Vanderbilt ta ƙirƙiro a 2004, kyauta ake ba cibiyoyin da ba na riba ba. CanReg5 ta masu rajistar kansa ita ma kyauta ce. Abin da ya rage shi ne shugaban sashe ya ce bayanan majiyyata dukiyar asibiti ce, takardar tambaya ɗaya za a yi amfani da ita, kuma babu wanda za a sa wa hannu a kundinsa sai ya bar kwafi a gida.

Sai maganar lamba da alama, wadda ake gani ƙarama. Wannan fanni da kansa ya taɓa ƙonewa a nan. A shekarun 1950 aka samar da ƙwayoyin reno guda biyu, HEp-2 da aka ce daga kansar akwatin murya take, da KB da aka ce daga kansar baki. A 1966 Stanley Gartler ya sanar cewa ƙwayoyi da dama da ake ta aiki da su, har da waɗannan biyun, wasu ne suka mamaye su: ƙwayoyin HeLa, na kansar bakin mahaifar Henrietta Lacks, waɗanda aka ɗiba a Baltimo a 1951 ba da saninta ba. Duk da haka aka ci gaba da wallafa dubban takardu da sunan ana nazarin maƙogwaro da baki, alhali bakin mahaifa ake nazari. In haka ta faru a ɗakunan da ke da komai, yaya wurin da ake rubuta suna a filasta da biro, fomalin ya zubo ya wanke rubutun? Lamba biyu a kowace kwalba, fensir a jikin kaset ɗin kaki, mutum biyu su duba kafin a karɓa. Haka nan fomalin da aka sirka da ruwan famfo da ka, da ƙashin muƙamuƙi da aka jiƙa a asid mai ƙarfi don ya yi saurin laushi, duk suna ba da sakamakon yau, amma suna kashe ƙwayoyin gadon da mai binciken gobe zai nema.

Wuta da ruwa kuwa ba mu kaɗai suke ci ba. A Disambar 2023, lokacin hutun Kirsimeti, ruwan naitirojin ya yanke wa tankuna 16 a cibiyar Karolinska ta Suwidin, samfuran da aka shafe shekaru gommai ana tarawa suka lalace. A Satumbar 2024 madatsar Alau ta ɓalle, ruwa ya shiga asibitin koyarwa na Maiduguri ya ɓata kayan aiki masu yawa. Darasin a wurina shi ne kada a zuba komai a tukunya ɗaya: a raba samfuri gida biyu a gini biyu, a ɗauke rajista da kaki daga ƙasan bene, a ɗauki hoton tsofaffin shafuka, firiza ta samu sola da ƙararrawar da za ta kira wayar mutum da tsakar dare. Kuma kada kwaɗayin firiza ya sa mu raina kaki, wanda shi ne ya dace da ƙasarmu. Cibiyar binciken kansa ta ƙasa da ta fara aiki a Abuja a 2023, in tana neman inda za ta sa kuɗi kaɗan ta ga amfani mai yawa, ga wuri nan.

Na bar mafi nauyi zuwa yanzu, wato yardar mai jikin. Lokacin da na kai kwalbar kawu babu wanda ya gaya mana za a ajiye ragowar, balle a tambaye mu ko mun yarda a yi bincike da ita wata rana. Da an tambaye shi da ya yarda, na san halinsa. Amma ba a tambaya ba. Mu mutane ne da ke girmama jikin ɗan Adam, har gaɓar da aka yanke mukan karɓa mu binne. Kuma mutanen Kano ba su manta 1996 ba, lokacin da kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan a cikin annobar sanƙarau, a gwajin da ya ƙunshi yara 200, 11 suka rasu. Iyaye suka ce ba a yi musu bayani ba, kamfanin ya musanta laifi, aka yi ta shari'a har aka sasanta da gwamnatin jihar a kan dala miliyan 75 a 2009. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu, kuma mun ga yadda gudun ya shafi rigakafin shan inna a 2003. Takardar neman izini mai shafi shida da Turanci, a dangwala wa tsoho yatsa a kai yana kan gadon tiyata, wannan ba neman izini ba ne. A zauna da shi da Hausa, ko Fulatanci ko Barbarci, tare da wanda ya amince da shi. A ce masa ga abin da za a ajiye, ga inda zai zauna, ga wanda zai iya taɓawa, zai iya fita ƙasar waje ko ba zai fita ba, kuma in ya ƙi, maganinsa ba zai ragu da ƙwaya ɗaya ba.

Sirri a wannan fanni ya fi na sauran wuya, domin ciwon a fuska yake. Hoton kumburin muƙamuƙi hoton mutum ne da maƙwabtansa za su gane, ko da an ja baƙin layi a kan idonsa. Hoton na'ura na ƙoƙon kai ma ana iya sake gina fuska daga cikinsa. Duk da haka irin waɗannan hotuna suna yawo a WhatsApp daga waya zuwa waya. Dokar kare bayanan jama'a da aka sa wa hannu a Nijeriya a Yunin 2023 ta sa bayanan lafiya cikin masu buƙatar tsaro na musamman, kuma tun 2007 ƙa'idar binciken lafiya ta ƙasa ta wajabta rubutacciyar yarjejeniya kafin samfuri ya ƙetare iyaka. Haɗin gwiwa da na waje alheri ne, ba don shi ba da ba a gano EBV a lokacin da aka gano ta ba. Amma yarjejeniyar ta faɗi abin da zai dawo: sakamako, da horo, da sunan masu aikin a kan takarda, da damar yin tambayoyinmu. Muna da su kuwa. Rahotannin asibitocinmu sun sha nuna kansar bayan hanci a sahun gaba, har a jikin matasa. A Hon Kon an gwada jinin maza 20,174 ana neman ɓurɓushin EBV, aka kama mutum 34 da kansar, kusan kashi 70 cikin ɗari tun tana matakan farko, yayin da mu sai wuya ya kumbura muke ganinta. Ga garin taba da ake cusawa a leɓe a ƙauyukanmu, ga tumbak na Sudan, inda 'yan'uwanmu Hausawa da yawa ke zaune, wanda aka daɗe da danganta shi da kansar baki. Amsar abin da waɗannan ke yi wa mutanenmu tana kwance a durowarmu.

Kawu ya rasu shekara biyu bayan dawowar ciwon, Allah ya jiƙansa. Sai da aka yi arba'in na tuna da lambar waya ta biyu da Baba ya nema, na tuna kuma mu ma 'yan'uwa akwai abin da ke kanmu. Na je na same shi, saura wata uku ya yi ritaya. A gefensa wata matashiya tana juya shafukan tsohon rajista tana shigarwa a kwamfuta, layi bayan layi. Na gaya masa abin da ya kawo ni. Ya yi wa kawu addu'a, sannan ya jawo rajistar shekarar. A ƙarshen kowane shafi akwai wani gurbi da ba na ɗab'i ba, shi ya ja shi da rula da jan biro, ya rubuta "ƙarshe" a samansa. Daga sama har ƙasan shafin, wuri uku kawai aka cike.

"Wace rana ce, ɗana? A gida ko a asibiti? An samu an yi gashin kuwa, sau nawa?"

Na faɗa masa. Ya gyara tabarau ya rubuta a hankali, ya juya wa yarinyar littafin, ya nuna mata layin da yatsa.

"'Yata, sa wannan ma."